Tsofaffin Momon Da 'Ya'yan Wasu

Jama'a, akwai abin lura game da mabiya cocin Momon, mai hedkwata a Salt Lake City ta Amurka. Mutum ya yi ritaya, sai ya ɗauki matarsa su tafi wata ƙasa wata 18 ko 23, da kuɗin aljihunsu. Irinsu ne suka sauka Nijeriya a 1978.

Uwargida tana girki, maigida yana koyar da samari da 'yan mata littafinsu, ran Litinin da dare a taru a yi hira. Ba shayi, ba taba.

A ganina tukunyar nan ta fi wa'azin aiki, domin ɗalibin da ke kewar gida, inda aka san sunansa can zai koma. Sai dai ina tausayin jikan da aka raɗa wa suna kakanninsa suna can Jamus.