Manhajar waya ba ta ganin tsufan bel ɗin inji

Matasa masu mota da dama sun saba da ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ake sokawa a ramin OBD-II ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da waya ta Bluetooth. Manhaja ta duba, ta ce babu matsala, hankali ya kwanta. Sai dai kwamfutar mota ba ta san komai ba sai abin da sensa ta gaya mata, kuma a yawancin motoci babu sensar da ke auna cinyewar bel. Sau da yawa, lokacin da alamar matsala za ta bayyana a waya, ɓarnar ta riga ta auku.

Bel iri biyu ne. Fambel yana waje, shi ke juya altaneta da kwamfaresan AC. Idan ya tsinke, batir ya daina caji, a wasu motocin inji ya ɗauki zafi. Taimin bel kuwa yana ɓoye cikin murfi, shi ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. A inji irin na Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, idan ya tsinke ana cikin gudu, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa su. Aikin canza roba ɗaya ya koma buɗe kan inji.

Kamfanonin mota galibi suna ba taimin bel tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga cika. Shekarun ne aka fi mantawa, alhali roba tana tsufa ko da mota na ajiye, zafi da yoyon baƙin mai kuma suna ƙara mata sauri. Duban ido ma yana ruɗi: fambel na zamani da aka yi da robar EPDM ba ya yawan tsagewa kamar na da, zaizayewa yake yi a hankali yana kama da lafiyayye.

Wasu za su ce canza abin da bai lalace ba asarar kuɗi ce, musamman a wannan tsadar. Maganar tana da tushe ga motar da ke amfani da sarƙa maimakon bel, kamar Toyota Corolla mai injin 1ZZ-FE. Amma wanda ya sayi 'yar Kwatano mai taimin bel, babu takardar gyaranta, ga lambar kilomita da ake iya mayarwa baya, bai san shekarun robar da ke cikin injinsa ba. Jiran ta tsinke caca ce da injin gaba ɗaya.

Inda waya za ta yi amfani a nan shi ne ajiye tarihi. Mai mota ya nemo littafin motarsa a intanet ya tabbatar bel ne ko sarƙa. Idan bel ne kuma ba a san ranar da aka sa shi ba, a canza shi tare da tenshina, da famfon ruwa idan shi ke juya shi. Daga nan a ɗauki hoton lambar kilomita da rasit, a sa tunatarwa a kalandar waya. Wannan bayanin babu manhajar da za ta ciro shi daga mota. Sai mai ita ya rubuta da kansa.