Mizanin Ɗan Canji da Hukuncin da Ake Yi wa Katsina da Maradi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi a Mazanya da hantsi, ko ya tsaya a tashar Magama a sa'ad da motocin Katsina suke sauke fasinja na Ɗan Isa suna kwasa, ba zai rasa jin wani hukunci ba wanda ya zama ruwan dare a bakin samari da dattawa a 'yan shekarun nan, wato cewa Maradi ta fi Katsina daɗin zama nesa ba kusa ba, kuma idan ka nemi hujja sai a nuna maka ɗan canji da ke zaune bisa tabarmarsa, a ce je ka tambaye shi nawa ake canza jikka yau. Ni kuwa da aka haife ni a tsakanin biranen nan biyu, ina da dangi a wannan ina da surukai a wancan, na daɗe ina ganin hukuncin nan a matsayin ɓata, domin an gina shi bisa mizanin da ba ya auna abin da ake da'awar yana aunawa, ya kuma rufe mana ido daga abin da ya wajaba mu nema a hannun masu mulkinmu.

Ba na musun abin da ido ya gani. Wajen shekarar 2014 jikka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 400 ba, amma bayan da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya ta nemi darajarta a kasuwa, sai jikkar nan ta haye naira 2,000, alhali ita sefa tana ɗaure da kuɗin Turai a kan 655.957 kowane yuro, ba ta gaba ba ta baya. Wannan duka gaskiya ne. Abin da nake musu shi ne tsallen da ake yi daga nan zuwa cewa mazaunin Maradi ya fi mazaunin Katsina samun sauƙin rayuwa, domin wannan shi ne irin ƙiyasin da malaman usulu suke watsarwa saboda akwai fariƙi tsakanin abin da aka ƙiyasta da abin da aka ƙiyasta a kansa.

Ga fariƙin. Falken da ya taso daga Maradi da jikka hamsin a aljihu, ya canza su a bakin iyaka, ya shiga kasuwar Jibiya ranar Lahadi, zai koma gida yana rantsuwa cewa kaya sun yi arha a Najeriya kamar banza. Malamin makarantar da ya ɗauki albashinsa na naira ya je Maradi gaisuwar rasuwa, zai dawo yana cewa ko kwanon tuwo bai iya saya ba sai da ya yi tunani sau biyu. Dukkansu kuwa sun yi gaskiya, kuma babu wanda ya faɗa mana kome a kan biranen, sun dai faɗa mana halin aljihunsu ne a ranar da suka zama baƙi. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a babbar kasuwar Maradi da sefa ake biyansa, da sefa kuma yake sayen gero, ya biya haya, ya sayi magani, kuma ƙarfin sefa a kan naira bai taɓa ƙara masa ko dala ɗaya a ladan buhu ba. Tambayar da ta dace ita ce, gumin yini guda tiya nawa yake saya a nan, nawa yake saya a can, kuma kwana nawa mutum zai yi yana aiki kafin ya biya hayar ɗaki ɗaya. Shari'a ma da wannan idon take duba, shi ya sa zakkar fid da kai a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ƙayyade ta da dinari ko dirhami ba, aka ƙayyade ta da sa'i na abincin da mutanen gari suka fi ci, nafaƙar iyali kuma aka mayar da ita ga al'adar gari da halin maigida, saboda malamai sun san tsabar kuɗi tana hawa tana sauka, cikin ɗan Adam kuwa girmansa ɗaya ne ko'ina.

Masu wannan ra'ayi ina roƙonsu su tuna da shekarar 2005. A shekarar nan sefa ba ta girgiza ba ko kaɗan, tana nan ɗaure da yuro yadda take yau, kasuwannin jihar Maradi kuma ba su rasa hatsi ba, amma farashin gero ya haye abin da talaka zai iya kaiwa bayan fari da farin ɗango na daminar da ta gabata, har cibiyoyin likitocin agaji na MSF a Maradi suka cika maƙil da yara masu tamowa, duniya ta taru tana kallo. In da ƙarfin kuɗin ƙasa yana ciyar da mutanenta, da ba a ga wannan ba. Kuma don kada a ce na tsaya wa ɓangare ɗaya, ƙungiyar nan dai ita ce ta bayyana a watan Yulin 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda yunwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwar da ke goye da ɗa mai kumburarrun ƙafafu, ko a wane gefen iyaka take, ba ta da abin da za ta kai wa ɗan canji.

Sa'an nan akwai wani kuskure da ya fi wannan zurfi, wato ɗaukar Katsina da Maradi kamar kishiyoyi biyu da za a ɗora bisa sikeli, alhali gida ɗaya ne da aka raba da zana. Zuriyar sarakunan Katsina na dauri ce ta kafa sarautar Maradi bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ɗan Kasawa ya zauna can, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maradi. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 bai raba aure ba, bai raba kasuwa ba. Saboda haka duk arhar da ka gani a ɗayansu, in ka bi sawunta, za ka tarar aro ce daga ɗayan. Man da 'yan ruwa-ruwa suka shekara da shekaru suna sayarwa cikin kwalabe a titunan Maradi, tallafin Najeriya ne ya sa shi arha, kuma da tallafin ya tafi, jarkoki suka ragu, sai ga dogayen layuka a gidajen man Nijar a watan Maris na 2025, duk da matatar SORAZ da ke Damagaram tun 2011. Wutar da ke haska Maradi ta layin Katsina take zuwa, kuma mun ga duhun da ya rufe garin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka tsinke ta cikin takunkumin ECOWAS. Mu ma a nan, wake da dabbobi da shinkafar da muka saba gani da sauƙi daga can suke, kuma mun ɗanɗana kuɗarmu da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilun 2022, kasuwar da ke ciyar da dubban gidaje ta zama kufai. Dattawan Nijar har yau suna kiran yunwar 1984 da sunan El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar wancan zamani.

Amma fa zan yi wa abokan jayayyata adalci: mutane sun ƙaura zuwa ƙasar Maradi da gaske, dubun dubbai, daga Katsina da Zamfara da Sakkwato, tun daga 2019, har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Sai dai babu ko ɗaya cikinsu da ya tsaya tambayar canji kafin ya ɗauki tabarmarsa. Wani ƙanen mahaifiyata, wanda gonarsa take yamma da Jibiya, ya kwashe iyalinsa ya kai su wani ƙauye a ƙetare bayan an sace maƙwabcinsa an karɓi fansa har sau biyu, da na kai masa ziyara na tarar da shi a ɗakin kara, shi da ya bar soro da rumbuna uku, sai na ce, "Kawu, yaya kuka samu tsadar garin nan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kome da tsada, sabulu ma sai mun yanka shi uku. Amma rabona da in kwana da takalmi a ƙafa tun ranar da na zo." Ban taɓa jin bayanin daɗin zama da ya kai wannan cika ba. Suratu Ƙuraishi, wadda take magana a kan mutanen da fatauci ne rayuwarsu kamar mu, ta gwama ni'imomi biyu ne wuri ɗaya, ciyarwa da amintarwa daga tsoro, kuma mizanin ɗan canji ba ya iya auna ta biyun ko da ƙwayar zarra. Ita ma ƙasar Maradi ba ta tsira sarai ba, mutanen Madarunfa da kewayen dajin Baban Rafi sun san ɓarayin daji, amma wanda ya gudu ya san inda ya fi samun barci.

Tsadar da ke cikin birnin Katsina kanta, kaso mai yawa nata daga nan ta faro. Manomin da aka kora daga Shimfiɗa ko Batsari ya daina kawo hatsi kasuwa, ya koma mai sayensa, ya kuma shiga layin masu neman ɗakin haya a bayan gari, ta haka tiya ta hau, haya ta hau, a lokaci guda. A 2021 sai da gwamnati ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da tamu ta Jibiya, kowa ya san abin da wannan ya yi wa ciniki.

A nan ne nake ganin babbar cutar ra'ayin da nake yaƙa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Idan muka ce Maradi ta fi mu saboda sefa, to mun miƙa wa shugabanninmu uzuri a faranti, domin za su ce darajar kuɗi lamari ne na kasuwar duniya da babban banki da farashin gangar mai, abubuwan da talakan Mazanya ba shi da bakin magana a kansu, su ma kansu sai su nuna kamar ƙaddara ce ta sauka. Amma idan muka kira abin da sunansa, muka ce mutanenmu suna ƙetarawa ne domin su kwana lafiya su wayi gari da 'ya'yansu cikakku, to mun ɗora hujja a inda babu mafita, saboda tsare rayuka da dukiyoyi farilla ce a wuyan duk wanda ya karɓi amanar mulki, ba a kuwa jingina ta ga yuro ko dalar Amurka. Haka nan samarinmu, waɗanda ke sayar da babur ko ɗan filin gado su tafi neman sefa, sun cancanci a gaya musu gaskiya tun kafin su tashi, cewa a can za su biya haya da sefa, su nemi takardu a ofishin da ake magana da Faransanci, su yi gogayya da 'yan gari a kan dakon da su ma bai ishe su ba.

Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maradi, kilomita 284, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina ya ratsa ta Jibiya, kuma ina cikin masu fatan ganin ranar da zai fara aiki. Sai dai jirgi kaya yake ɗauka, dole kuma a sami wanda ya noma su. Kawuna har yanzu yakan ƙetaro da asuba a lokacin damina ya duba gonarsa, ya yi abin da ya sawwaƙa cikin gaggawa, kafin la'asar sakaliya ya kama hanyar komawa, rabin gonar kuma ta shekara uku ba a sa mata garma ba.