Takardar Tsakiyar Faifai Shaida Ce, Amma Ba Ta Ga Komai Ba

Masu tara tsofaffin faya-fayen jaz na Amurka, irin na garmaho masu juyi 78 a minti, suna da wata al'ada: kafin allura ta taɓa faifai sai su dubi takardar da aka manna a tsakiyarsa, su yanke masa shekara. Sau da yawa suna dacewa. Kamfanonin wancan zamani ba su cika buga shekara a kan faifai ba, amma sukan sauya zanen takardar daga lokaci zuwa lokaci, kuma wanda ya san jerin sauye-sauyen ya sami kalanda.

Kamfanin Victor, mai tambarin karen nan da ke sauraron garmaho, shi ne misali mafi sauƙi. Daga 1914 zuwa 1926 takardarsa tana da zanen da masu tarawa ke kamantawa da fukafukan jemage, kuma da shi faifan Original Dixieland Jass Band ya fito a 1917, wanda ake ɗauka faifan jaz na farko da ya shiga kasuwa. A 1926 aka koma zane mai lanƙwashe-lanƙwashe a gefe. Bayan RCA ya sayi kamfanin a 1929, ƙaramin rubutun da ke ƙasan takardar ya tashi daga Victor Talking Machine Company zuwa RCA Victor Company. Layi ɗaya da ido ke tsallakewa yana rage tazarar shekarun.

Kuskuren yana farawa ne idan aka ɗora wa takardar nauyin da ba nata ba. Abin da ta sani shi ne lokacin da aka buga wannan kwafin a masana'anta. Ranar da makaɗan suka shiga ɗakin ɗaukar sauti wani zance ne daban, domin kamfani yakan ajiye uwar faifai ta ƙarfe, ya sake bugawa daga gare ta bayan shekaru da sabuwar takarda.

Akwai ma lokacin da aka sa takardar ta yi shiru da gangan. A 1925 Victor da Columbia suka bar ɗaukar sauti ta babban mazurari, suka koma makirufo da lantarki. Wannan ne sauyi mafi girma a tarihin faifai, ga shi kuwa ba su yi shelarsa nan take ba, saboda shaguna cike suke da tsofaffin faya-fayen da ba a sayar ba. Victor ya ci gaba da manna fukafukan jemagensa. Shaidar tana can a santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda: haruffan VE a faifan Victor, harafin W cikin da'ira a na Columbia. A wannan fili ne kuma yawancin kamfanoni ke hatimce lambar uwar faifai, wadda ake bi zuwa littattafan ajiyarsu. Victor bai cika nuna tasa ba, shi ya sa aikin Brian Rust, Baturen Ingila da ya tattara tarihin faya-fayen jaz, da rumbun bayanan Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka zama dole ga mai son tabbaci.

Duk da haka, waɗanda suka gano wannan iyaka sannan suka raina takardar su ma sun yi asara. A Nuwamba 1925 Louis Armstrong ya fara ɗaukar sauti da ƙungiyarsa ta Hot Five a Chicago, wa kamfanin Okeh. Faya-fayen sun fito a jerin lambobi na 8000, wanda kamfanin ya keɓe wa baƙaƙen fata, ana tallarsu a jaridunsu da shagunan unguwanninsu. A 1940 wani ɗalibin Jami'ar Yale, George Avakian, ya tono uwayen faya-fayen a ma'ajiyar Columbia, aka sake fitar da su da jar takarda, cikin kundi, a matsayin kayan tarihi. Busa ɗaya ce a faifan biyu. Amma na farko kiɗan rawa ne da aka sayar wa mutanen da ba a yarda su zauna a manyan gidajen rawa na Turawa ba, na biyu kuwa an shirya shi ne domin masu tarawa da masu nazari, akasarinsu farare. Lambar uwar faifai ba za ta faɗi wannan ba. Takardar ce kaɗai ta adana shi.

Kwafin farko ma ƙaranci yake yi. Shalak, ƙaron da ake haɗa faifan da shi, wani ƙwaro ne ke fitar da shi a itatuwan Indiya da maƙwabtanta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyarsa, gwamnatin Amurka ta taƙaita amfani da shi a 1942, aka shiga karɓar tsofaffin faya-fayai ana niƙawa domin buga sababbi. Faya-fayen shekarun 1920 da dama sun tafi ta wannan hanya, da su da takardunsu.