Kakanninmu Sun Kai Goro Kano Lafiya, Mu Nama Na Ruɓe Mana a Firiza



Duk wanda ya ratsa lungunan Aboabo, Asawase ko Sawaba makonni kaɗan bayan Babbar Sallah ya san warin da za mu yi magana a kansa. Warin naman layya ne da aka cusa a firiza cikin baƙar leda, wuta ta ɗauke ya narke, ta dawo ya daskare, ta sake ɗaukewa, har ranar da uwargida ta buɗe ta tarar ya sauya launi. Sai a jira dare ya raba, a aiki yaro ya kai bola don kada maƙwabta su gani. Wannan jiran daren shi ne shaidar cewa mun san abin da muka yi bai dace ba. An yi watanni ana tara kuɗin rago, ga shi cinyarsa guda ta ƙare a shara, alhali a cikin gidan da muke haya akwai ɗakin da aka daɗe ba a ɗora tukunyar nama ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne tarihinmu. Ajiya ce ta kawo kakanninmu ƙasar nan. Fataken Gonja sun riƙa ɗaukar goron dajin Asante daga kasuwar Salaga, su yi watanni a hanya bisa jakuna kafin su isa Kano ko Sakkwato, kuma goro kaya ne mai saurin lalacewa. Ba su da ƙanƙara, ba su da lantarki. Abin da suke da shi ganye ne da huhu da kulawa. Lokaci zuwa lokaci sai a kwance huhu, a duba, a tsince mai sankara don kada ya shafi sauran, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a fara sayar da wanda ya nuna alamar gajiya. Falke ya san abin da ke cikin kayansa, domin a nan dukiyarsa take. Iyayenmu mata kuma sun san yadda ake yin dambun nama, da soyayyen naman da ake adanawa cikin kitsensa, da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da daddawa, abubuwan da ke kai watanni ba su ce uffan ba. Mu jikokinsu mun sami na'urar da ba su taɓa mafarkinta ba, amma sai ka tambayi mai gida abin da ke ƙasan firizarsa ya rasa amsa.

Laifin ba na firji ba ne, namu ne da muka ɗauke shi tamkar rumbu. Hatsi yana shekara a rumbu domin busasshe ne. Firji kuwa jinkirta ruɓewa kawai yake yi. Sanyin da ake so a cikinsa kada ya haura digiri 5 a ma'aunin Salsiyas, firiza kuma ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. Ko a wannan sanyin ƙwayoyin cuta ba mutuwa suke yi ba, barci suke yi, da zarar nama ya ɗumama sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Shi ya sa miyar da aka dafa ba ta wuce kwana 3 zuwa 4 a firji, komai kyan da take da shi a ido. A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi. Muna jin wannan sai mu ce zancen Turai da Amurka ne. To, mu leƙa bayan firjinmu, inda ragowar wake da shinkafar makon jiya take ɓoye a bayan tukunyar miyar ayoyo, mu gani ko muna cikin lissafin.

Mu a Ghana muna da ƙarin dalilin yin hattara, domin wutarmu ba abin dogaro ba ce kullum. Ba mu manta da shekarun dumso ba, musamman 2015, lokacin da unguwanni ke kwana su yini cikin duhu, matan da ke sayar da zoɓo da ƙanƙara da kifi suka ga jarinsu ya narke a gabansu. Har yau ana ɗauke wuta, ga kuma mitar da sai an zuba mata kuɗi take ba da haske. Firjin da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 bayan ɗauke wuta. Firizar da take cike tana iya kai awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24 ne. Darasin a fili yake: firiza tana son a cika ta, firji yana son a bar masa sarari iska ta zaga. Mu kuwa akasin haka muke yi, mu danƙare firji da tukwane har ƙofa ta ƙi rufuwa, mu bar firiza da ledoji uku suna yawo cikin dusar ƙanƙara. Idan firiza ba ta cika ba, a cike gurbin da robobin ruwa. Suna daskarewa sun zama ma'ajiyar sanyi, ranar duhu su ne za su ceci nama.

Tsarin da muke kira a bi ba ya bukatar ko sidi ɗaya na sabon kaya. Ɗanyen nama da kifi su zauna a can ƙasa cikin mazubi mai murfi, don kada ruwansu ya ɗiga kan abin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba. Dafaffen abinci ya hau sama, daidai inda ido ke fara sauka, a juye shi daga tukunya zuwa ƙananan robobi, domin tukunya da marikinta tana cin wurin robobi uku. Ƙofa ita ce wuri mafi ɗumi, ruwa da lemo da yaji ne nata, nono da fura kuwa a shigar da su ciki. Ganyen kontomire da ayoyo su shiga aljihun ƙasa bayan an tsane su daga ruwa. Akwai kuma baƙin da ba su da hurumi a firji sam: doya, albasa, tafarnuwa, agada da ɗanyen tumatirin da bai gama nuna ba, inuwa da iska suke so, sanyi ɓata su yake yi. Fitar da su kaɗai ya isa ya buɗe wuri. Abinci mai zafi a bar shi ya huce kafin a saka, amma kada hucewar ta wuce awa 2, musamman shinkafa.

Firiza kuwa, musamman doguwar nan mai buɗewa ta sama wadda yawancin gidajenmu suka fi so, tana da kyau wajen riƙe sanyi, sai dai ƙasanta rijiya ce, abin da ya faɗa sai an manta da shi. Maganin shi ne a daina jefa nama dunƙule guda. A yanka shi daidai girkin rana ɗaya, a zuba a farar leda, a matse iskar, a baje shi ya yi faɗi kamar allo. Idan ya daskare a jera shi a tsaye. Haka ya fi saurin daskarewa, ya fi saurin narkewa, kuma ba sai an narkar da cinya guda don a ciri na miya ɗaya ba. Markaɗen tumatir da attaruhu ma haka za a yi musu lokacin da kayan Akomadan da Techiman suka cika kasuwa suka yi araha. A rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace leda, da boko ko da ajami, sabon kaya ya koma ƙasa, tsohon ya hau sama a fara cin sa. Wannan ba wani sabon ilimi ba ne, shi ne dai abin da falke yake yi wa huhunsa.

Ga wata dabara ga masu tafiya. A daskarar da ruwa a kofi, a ɗora ƙwandalar sidi ɗaya a samansa, a bar shi a firiza. Idan an dawo aka tarar da ƙwandalar a ƙasan kofi, to komai ya narke ya sake daskarewa a bayan idonmu, kuma naman nan ba abin amincewa ba ne. Ita kanta na'urar tana da haƙƙi: a janye ta daga bango, a narkar da ƙanƙarar da ta yi kauri a jikinta, a gwada robar ƙofa da takardar kuɗi, idan ta zare cikin sauƙi sanyi na tsiyaya, kuɗin mita na bin sa. Tun farkon 2013 ƙasar nan ta hana shigo da tsofaffin firji daga waje saboda shan wutarsu, don haka mai sayen sabo ya duba taurarin da ke kan takardar Hukumar Makamashi, yawan taurari ƙarancin shan wuta.

Za a ce mana ai sayen kaya da yawa lokacin araha hikima ce, kuma ga matar da firiza ita ce shagonta. Gaskiya ne, ba mu ce a daina ajiya ba. Mai sana'a ma ita ta fi kowa bukatar tsari, domin warin kifi ɗaya ya isa ya kore mata masu sayen zoɓo. Abin da muke ƙi shi ne ajiyar da ta wuce sanin mai ita. Kafin firji ya shigo gidajenmu, idan tuwo ya yi saura kwano ne ke tashi zuwa ɗakin maƙwabciya, ko almajiri, ko baƙon da ya sauka a masallaci, domin babu inda za a ɓoye shi. Sunan Zongo kansa masaukin baƙi yake nufi. Yau ragowar tana shiga firji da sunan gobe, goben da ba ta zuwa, bayan mako guda ta tafi bola. Abin da a da yake zama lada da zumunci ya koma almubazzaranci, kuma kowa ya san matsayin almubazzaranci a addininmu. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa naman layya a ci, a yi kyauta, a yi sadaka. Firiza mai faɗi ta sa kason ajiya yana cinye sauran kason ba tare da mun lura ba.

Shawararmu ita ce kowane gida ya ware rana ɗaya a mako, jajibirin zuwa kasuwar Kejetia ko ta Asafo, a buɗe firji a duba shi kamar yadda ake kwance huhu. Abin da za a ci cikin kwana biyu a matso da shi gaba. Abin da zai jira a raba shi a daskarar, ko a soya, ko a shanya kamar yadda iyayenmu ke yi, tunda rana ba ta da mita. Abin da muka san ba za mu ci ba, kuma yana da kyau har yanzu, a zuba a kwano a ba yaro ya miƙa ɗakin da ke kusa tun da rana, ido na ganin ido. Bayan haka ne za a ɗauki jaka a tafi cefane, a sayo abin da babu kaɗai.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke ci da abin da muke ajiyewa, ya kuma kare mu daga ɓarna.