Kada A Yar Da Kwali

Iyaye da yawa suna cewa koya wa yaro sai malami, sai kuma kuɗi. Mu ba mu yarda ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya, dole ya rarrabe b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Bambancin 'yar ƙugiya ce kawai. Idon da bai saba duba abu da kyau ba zai sha wuya, har a ce yaron daƙiƙi ne.

Tun a gida za a horar da idon. A sami kwali marar rubutu, a yanka guda 12, kowanne kamar tafin hannu. A zana abu shida, sau bibbiyu: akuya, tunkiya, zakara, tulu, fartanya, zangarniyar gero. Ba sai gwani ba, ɗan firamare ma ya iya. A kife su bisa tabarma. Yaro ya buɗe biyu. In sun yi daidai ya ɗauka, in ba su yi ba ya mayar, wani ya gwada. Ɗan shekara uku, a fara masa da guda shida.

Akuya da tunkiya za su ruɗe shi, ruɗewar nan kuwa muke so. In an gama a ajiye a sama, gama akuyar gaske ba ta barin kwali.