A Auna Ma'auni Kafin A Tuhumi Janareto

A Bafarawa da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, inda wutar gwamnati ba ta da tabbas, janareto mai layi uku ne ke juya injin casar shinkafa, ya ɗago ruwa daga rijiyar burtsatse, ya kuma haskaka asibiti. Saboda haka, duk ranar da mitar da ke jikin allonsa ta nuna amfiya 120 a layi biyu, ta nuna 240 ko sifili a na uku, sai hankalin mai inji ya tashi, ya tsayar da aiki, ya aika Shinkafi ko Sakkwato a zo da mai naɗin waya. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin injin lafiyarsa ƙalau, ma'aunin ne ya yi ƙarya. Wajibi ne a binciki ma'auni tukuna kafin a kwance inji.

Mita ba ta iya ɗaukar wutar janareto kai tsaye. Injin da ke da ƙarfin kVA 100 a kan bolt 415 yana iya tura amfiya 139 a kowane layi, alhali mitar amfiya 5 kawai take jurewa. Shi ya sa ake zura kowace babbar waya cikin wani zoben ƙarfe mai naɗin siririyar waya, wato taransifomar awon lantarki, wadda masu gyara ke kira Si-Ti. Tana aiki ne bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831: lantarki mai sauyawa yana haifar da maganaɗisu mai sauyawa, shi kuma ya haifar da lantarki a wayar da ke naɗe. Idan an rubuta 200/5 a jikin zoben, amfiya 120 a babbar waya za ta fito a matsayin amfiya 3, mita kuma ta ninka sau 40.

Daga nan kurakurai ke farawa. Idan mitar ta zoben 400/5 ce, za ta ninka sau 80, ta nuna 240. Idan an zura waya sau biyu cikin zobe, adadin zai ninku. Idan an haɗa wayar layi da wayar dawowa cikin zobe ɗaya, maganaɗisunsu zai soke juna. Idan an juya zobe gaba ya koma baya, ko aka musanya wayoyinsa biyu masu alamar S1 da S2, adadin amfiya ba zai canza ba, amma jimillar kilowat za ta faɗi zuwa kashi ɗaya bisa uku, matuƙar nauyin layukan daidai yake. Haka kuma doguwar siririyar waya, ko kusoshin da girgiza ta sassauta, ko tsatsa, suna sa mita ta rage adadi.

Hanyar bincike ba ta da wuya. Akwai mitar hannu mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. A auna layukan uku da ita ɗaya bayan ɗaya, a gwada da abin da allo ya nuna. In sun saɓa, a kashe inji, a karanta lambar kowane zobe, a dubi fuskar da ya kalla, a bi wayoyinsa har mita. In har yanzu da shakka, a musanya wayoyin zobe biyu a bakin mita: in kuskuren ya bi zoben, laifin zoben ne ko wayarsa, in ya tsaya inda yake, laifin mita ne.

Akwai sharaɗi guda da ya shafi rai. Kada a kuskura a cire wayar Si-Ti alhali inji yana ɗauke da nauyi, domin bakinta da aka bari a buɗe yana iya tara ɗaruruwan bolt ko fiye, ya ƙona zoben ko ya halaka mai gyara.

Wasu masu inji kan ce tun da mita tana ƙarya, a rabu da ita. Wannan ma ganganci ne. Wani lokaci gaskiya take faɗa, an jibga fitilu da firji da injin walda a layi ɗaya, sauran biyu suna hutawa. Layin da aka yi wa lodi zai yi zafi har naɗinsa ya ƙone. Ɗan kasuwar da ya sami mudu mai algus ba ya daina awo, wani mudun yake nema ya gwada.

A yankin da matsalar tsaro ta sa tafiya ta yi wuya, jiran mai gyara daga birni asara ce ta kwanaki. Ya kamata malaman kimiyya a makarantun sakandare su riƙa kai ɗalibai gaban janareto na gaske, a kashe shi, su karanta lambar zobe, su yi lissafin ninki da kansu. Ya kamata kuma duk mai babban inji ya mallaki mitar hannu, kada ya yarda a kwance masa janareto sai an nuna masa awon layukan uku.