Shin akwai uwar ƙwayoyi a sankarar fata?

Manomi ya san cewa sare ciyawa ba ya hana ta tsirowa muddin saiwarta na ƙasa. Irin wannan tunani ne ya shigo binciken ciwon daji a 1994, lokacin da John Dick da abokan aikinsa a Toronto suka nuna cewa a wani nau'in sankarar jini, ƙwayoyin halitta ƙalilan ne ke iya sake haifar da cutar. Idan haka abin yake a melanoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, to sai a nemo waɗannan iyayen ƙwayoyi a kashe su.

Ana neman su ne ta hanyar shaidar da ke bayansu, wato wani furotin. Masu bincike kan narkar da ƙarin, su liƙa wa furotin ɗin rini mai ƙyalli, na'ura ta ware masu shaidar daga marasa ita, sannan a dasa kowane rukuni a jikin ɓeraye masu raunin garkuwa a ga wanda zai tsiro.

A 2008 ƙungiyar Markus Frank a Boston ta gabatar da shaidar ABCB5, a 2010 kuma ta Irving Weissman a Stanford ta kawo CD271. Sai dai a 2008 ɗin, Sean Morrison na Jami'ar Mishigan ya yi amfani da ɓerayen da garkuwarsu ta fi rauni, ya tarar cewa kusan ƙwaya 1 cikin 4 na iya haifar da ƙari, alhali an ƙiyasta 1 cikin miliyan a da. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwaya na iya samun shaida, ta kuma rasa ta.

A ganina, shaidar tana bayyana halin da ƙwaya ke ciki ne a lokacin gwaji, don haka maganin da ya farauci masu shaida kaɗai zai iya barin iri a baya.

Wannan ya shafe mu, domin a tsakanin baƙar fata melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Ta ɗan yatsan ƙafa ta kama Bob Marley, wanda ya rasu a 1981. Har yanzu fiɗa da wuri ce ta fi warkarwa. Duk wanda ya ga baƙin tabo a ƙafarsa yana faɗaɗa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya garzaya asibiti.